Ƙadangaren Nuhu ya daina cin fara

Tun da na dawo daga Birnin Gwari ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tambaye ni, a masallacin unguwa a tambaye ni, har mai shayin bakin layinmu sai da ya ce, "Likita, wai da gaske saboda ƙadangare ka bi wannan hanya?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki yankin da ya ba shi dariya ya tafi da shi. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ni dai ba likita ba ne, ma'aikaci ne a wani asibitin dabbobi a Kaduna, aikina allurar awaki da duba kaji. Nuhu kuwa ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Birnin Gwari. Bara da damina wata mata da za ta bar ƙasar ta kawo mana wani ɗan ƙadangare a akwatin gilashi, bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ta ce asalinsa daga Ostareliya ne, a gida ake kiwonsa kamar kyanwa. Yana da ƙayoyi masu laushi a ƙarƙashin haɓa, in ya fusata sai ya kumbura su su yi baƙi kamar gemu. Babu wanda ya yarda ya karɓe shi. Ranar Nuhu ya biyo ta wurina, yana ganinsa ya ce shi yake so, zai riƙa nuna wa ɗalibai. Ya sa masa suna Gemu, ya rungumi akwatin har tasha.

Wata huɗu kafin tafiyata, 'yan bindiga suka tare Nuhu a kan babur, yana dawowa daga ta'aziyya a Damari. An yi magana da su sau biyu, daga nan layin ya mutu. Babu gawa, babu labari.

Zulai, matarsa, ita ta kira ni. Sai da ta hau tudun bayan gidansu ta sami sabis.

"Yaya Rabi'u, Gemu ya daina cin abinci."

Na ce mata ai wannan ba abin tashin hankali ba ne, cikin halin da ake ciki.

Ta ce, "Ba shi nake ji ba, Gwaggo ce. Ta ce tun da aka tafi da Malam dabbar nan take azumi tare da shi. Ta ce ranar da ya ci ita ma za ta ci. Yau kwana tara, daga ruwa sai kurɓin kunu. Na yi magana, liman ya yi magana. Ta ce daga wurinka ya fito, kai kaɗai za ka san abin da ke damunsa."

Kwana biyu bayan haka na kama hanya.

Shirin zuwa Birnin Gwari ba irin shirin zuwa Zariya ba ne. Mu a Kaduna in mutum zai je ganin dangi, kayansa masu kyau yake sawa. Nan kuwa matata ta zaƙulo mini wata koɗaɗɗiyar riga da na daina sawa, ta karɓe katin aikina da babbar wayata, ta ba ni ƙaramar wayarta bayan ta goge saƙonnin banki da ke ciki. Ta ce kada in gaya wa kowa ranar da zan tashi, ko maƙwabta. A jakata na sa ƙaramin sikeli, da ma'aunin zafi, da ƙullin farin gari irin wanda muke ba dabbobi don ƙarfin ƙashi.

A tashar Mando motar ta cika tun da hantsi, amma ba mu tashi ba sai da motoci suka taru, don ba a bin hanyar ɗaiɗai. Kusa da ni wata mata ce mai sayar da atamfa, Hajiya Talatu, wadda ta ce duk mako biyu tana wannan tafiya. Ita ta koya mini zaman motar.

"Kada ka kulle ƙofarka. Takalminka ya zauna a ƙafa. In ka ji direba ya ce a sauka, kada ka tsaya ɗaukar jaka."

Na ce, "Hajiya, ba kya tsoro?"

Ta ce, "Ina ji mana. 'Ya'ya shida gare ni."

Bayan Buruku akwai shingen sojoji inda ake jiran rakiya. Wurin tamkar iyakar ƙasa yake. Daga nan baya ana hira, ana sayen gasasshiyar masara ta taga. Daga nan gaba direba ya kashe rediyo. Wani soja ya buɗe jakata, ya ɗaga ƙullin farin garin ya dube ni. Na yi masa bayani cewa maganin ƙashi ne na ƙadangare. Ya sa na maimaita. Ya kira abokin aikinsa na sake maimaitawa. Sai da na lashi garin a gabansu suka bar ni, suna dariya, mutanen motarmu kuwa babu wanda ya yi. Hajiya Talatu ta ɗan matsa daga jikina, ta ce a hankali, "Malam, ba dai na tsafi ba ne ko?"

Hanyar ba ta da abin kallo. Kwalta ta farfashe, ciyawa ta fi mota tsawo a kowane gefe, lokaci zuwa lokaci a wuce ƙauyen da rufinsa ya zube, masara ta fito da kanta a tsakar gida. Mun wuce Udawa da kaɗan tayarmu ta baya ta yi faci. Motocin da ke bayanmu suka riƙa wuce mu ɗaya bayan ɗaya, babu mai tsayawa, kuma babu wanda ya ga laifinsu. Direba ya sauko da tayar ajiya. Maza uku muka ɗaga motar da hannu saboda jak ɗinsa ya ƙi, ya canja tayar. Ban taɓa jin shiru irin na wannan wuri ba. Da muka cim ma sauran motocin, wani dattijo a gaba ya fashe da kuka, ya ce a nan aka ɗauke ƙanensa.

Mun shiga gari bayan la'asar. Abin da na fara lura da shi, gaisuwar "ya hanya" a can ba ta fatar baki ba ce. Wanda ya tambaye ka zai tsaya ya ji amsa, ya ƙara da tambayar ko kun ga wani abu a wuri kaza. Na biyu kuma, in aka ji ƙarar babura fiye da biyu tare, hira takan yanke har sai an ga ko su wane ne. Garin ya cika da mutanen ƙauyuka da suka gudo. Kusan kowane zaure akwai buhuna da tabarmi a jingine.

A zauren gidan Gwaggo ma haka ne. Wani dattijon Bagwari ne ke kwana a ciki, Baba Yohanna, manomi daga wajen Dogon Dawa. Nuhu ya koyar da 'yarsa, da aka kore su daga gona sai ya ba shi wuri. Tare da shi aka sauke ni, aka shimfiɗa mini tabarma tsakanin buhun dawarsa da keken Nuhu. Zulai ta kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, mai yawan daddawa fiye da yadda muke yi a Kaduna. Baba Yohanna ya rufe ido ya yi addu'arsa, ni na yi bismilla, muka sa hannu a kwano ɗaya.

Gwaggo Asabe na same ta zaune a ƙofar ɗakinta. Na san ta da jiki, mace mai ƙarfin murya. Yanzu zobenta sai da ta naɗa masa zare don kada ya faɗi. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni iyali ba.

"Ka zo ka ga abin ɗan'uwanka." Nuhu ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa.

Akwatin yana ɗakin Nuhu, sun ja shi can ƙurya saboda feshin ruwan sama. Da ƙyar na gane Gemu. Ɗan abin da na sani ya kai tsawon kamu ɗaya, kansa ya yi faɗi, yana kwance ƙarƙashin wani ɓawon itace, idonsa a lumshe. Fara biyar na tsalle a kusa da shi, ɗaya har ta hau bayansa, bai ko motsa ba.

Gwaggo ta ce, "Da sau uku ake ba shi a rana. Kana buɗe murfi zai taso da gudu, ya share fara ashirin kafin ka ƙifta ido. Da yamma ɗan'uwanka ya sake shi a tsakar gida, ya bi bango, ya bi kaji. Dube shi yanzu."

Baba Yohanna, wanda ya biyo mu, ya ce kullum da safe shi yake kamo farar a bayan makaranta, inda ba a fesa magani. "Ina kawowa, ina kwashewa. Da yakan ci ɗaya-ɗaya. Yanzu ko kallo."

Na ce sai da safe, in rana ta fito.

Washegari na fito da shi tsakar gida. Na ɗora shi a sikeli, nauyinsa daidai da na babba mai lafiya. Na taɓa gindin wutsiyarsa, inda suke tara kitse, na ji shi cike. Idonsa bai faɗa ba, haɓarsa da ƙarfi, cikin bakinsa fes. Na matsa cikinsa a hankali ban ji wani ƙulli ba. A yatsunsa akwai ragowar tsohuwar fata, alamar bai daɗe da yin saɓa ba. Na sa ma'aunin zafi a ƙuryar da akwatin yake, na ga ta yi masa sanyi da yawa.

Na tambayi Zulai a gefe yaushe abin ya fara. Ta waiga tukuna, sannan ta ce, "Gaskiya ba ranar da aka tafi da Malam ba ne. Ya fi wata biyu yana ci sosai. Sai da damina ta kankama ya fara ragewa. Amma in na faɗi haka, Gwaggo cewa take ni ce ban kula ba."

Na daɗe a tsugune da dabbar a hannuna. Na san abin da ke faruwa, kuma ba cuta ba ce. Irin wannan ƙadangare in yana ƙarami ƙwari yake ci ba ƙaƙƙautawa, saboda jikinsa na ginuwa. In ya haura shekara sai girman ya tsaya, cinsa ya ragu, ya koma ga ganye, fara sai jefi-jefi. Guje-gujen yarinta ma ya daina, ya fi son ya sami wuri mai ɗumi ya kwanta. In kuma gari ya yi sanyi, rana ta ɓuya, yakan yi makonni yana barci-barci, ba ci ba yawo. Na yi tunanin in ƙirƙiro wa Gwaggo wata cuta, in ba shi ruwan gishiri da sukari in ce magani ne. Amma ita ta goye ni ina yaro, tana gane ƙaryata tun kafin in gama ta.

Na je na zauna a gabanta.

"Gwaggo, lafiyarsa ƙalau. Girma ya yi."

"Girma?"

"I. Ya bar cin yara. Yanzu ganye yake so, da rana. Ko ɗan'uwana yana nan, haka zai yi a wannan lokaci."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

"Wato ba kewa yake ba."

"Abin da ke ransa Allah ne ya sani, Gwaggo. Ni jikinsa na duba."

"Bai ma san ba ya nan ba," in ji ta. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ranar ko kunun ba ta sha ba. Na zauna a zaure ina jin kamar ni na zo na ƙarasa ta. Baba Yohanna yana gyaran ƙotar fartanyar da ba shi da gonar da zai kai ta. Can ya ce, "Ɗana, kowa a garin nan ya koma harkarsa. Makaranta ta sa wani malami. Masu zuwa jaje sun daina zuwa. Ƙadangaren nan kaɗai take gani yana jira tare da ita. Yau ka ce mata shi ma ba jira yake ba."

Na ce, "To da ƙarya zan yi mata, Baba?"

Ya ce, "A'a. Ina gaya maka abin da ka yi ne kawai."

A rana ta uku hadari ya washe. Muka fito da akwatin inda rana ke bugu da safe, muka bar masa gefe guda a inuwa. Zulai ta tsinko ganyen zogale da furen kabewa a bayan ɗaki, na yanka kuɓewa ƙanana-ƙanana, na zuba a faifai, na barbaɗa farin garin nan a kai. Gemu ya hau dutse ya baje cikinsa, ya fi awa ɗaya bai motsa ba, launinsa na washewa a hankali. Har na fara fid da rai. Sai ya karkata kai ya dubi faifan da ido ɗaya, ya sauko ba gaggawa, ya zaro harshe ya ɗauki furen kabewa. Ya tauna. Ya ɗauki kuɓewa.

Zulai ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ban san Gwaggo ta fito ba sai da na ga inuwarta a kan akwatin. Ta tsaya tana kallo har ya ci abin da zai ci, ya koma kan dutsensa ya lumshe ido.

Zulai ta shiga madafa ta fito da kofin koko da ƙosai uku, ta durƙusa.

"Gwaggo, kin ce ranar da ya ci."

Gwaggo ta karɓi kofin. Ta sha kusan rabi, ta gutsuri ƙosai ɗaya, ta ajiye. Babu wanda ya yi murna a fili. Ta goge bakinta ta ce da ni, "Shekara nawa suke yi?"

Na ce in an kula da su, goma, wasu har su wuce.

Ta kalli dabbar. "To ka nuna wa yarinyar nan komai, ka rubuta mata. Ni ba lallai in kai ba. Kada ya dawo ya tarar an bar masa abu ya lalace."

Na rubuta a bayan wani tsohon littafin darasin Nuhu: rana kullum da safe, ganye kullum, fara sau biyu ko uku a mako, garin ƙashi, in ya ƙare a daka ɓawon ƙwai da aka dafa. In wutsiya ta rame ko ido ya faɗa, a kira ni. Na ƙara kwana biyu, na ga Gwaggo ta ci tuwo sau biyu, loma kaɗan-kaɗan, kamar mai shan magani.

Ranar dawowa muna tsakiyar jerin motoci, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai motar gaba ta ci birki. Kowa ya kama ƙofa. Ashe mutum ne ya fito daga ciyawa ya tsaya a bakin kwalta, hannuwansa a sama. Ba takalmi, wandonsa ɗaure da igiya, gashin kansa ya cukurkuɗe. Sojojin rakiya suka bincike shi, suka yi masa tambayoyi, sannan aka nemi motar da ke da wuri. Tamu ce. Aka zaunar da shi kusa da ni.

Ya ce shi tela ne, an sako shi tun jiya, ya kwana yana tafiya. Bai san watan da ake ciki ba. Wata mata ta miƙo masa burodi da ruwan leda. Ya shanye ruwan, burodin kuwa ya riƙe shi da hannu biyu a cinyarsa. Aka ce ya ci mana. Ya ce to, amma bai ci ba.

Na daure har muka yi nisa, sannan na ce, "Malam, don Allah, a inda aka tsare ku ko ka ga wani malamin makaranta? Nuhu sunansa. Dogo, yana da wushirya, daga hanyar Damari aka ɗauke shi."

Ya yi tunani sosai, na ga yana son ya taimake ni.

"Akwai malamai," ya ce. "Amma ba a kiran suna a can. Kuma sansanin ba ɗaya ba ne, ana raba mutane." Can ya ƙara da cewa, "Akwai wani dogo da yake hana mu shan ruwan kududdufi sai an tace da riga. An tafi da su gaba tun kafin ruwa ya sauka sosai. Ban ga haƙoransa ba. Ba a dariya."

Ban sake tambayarsa komai ba. Har muka iso shingen Buruku, inda aka sauke shi, burodin na hannunsa bai taɓa ba.

Na isa gida da la'asar. Matata ta karɓi jakata, ta ce Zulai ta kira sau biyu. Na bi kiran, na ji iskar tudun nan tana bugun wayar, sannan aka miƙa wa Gwaggo. Ashe da kanta ta hau.

"Ya hanya?"

Na buɗe baki, dogon mutumin nan mai tace ruwa yana kan harshena. Ban san ko Nuhu ne ba. Ban san ko yana raye ba, ko wane ne shi.

Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo."

"Ba ku ga kowa ba?"

"Mun ga wani da aka sako. Tela ne."



"Allah ya kai shi ga uwarsa," in ji ta.